Tsohuwar Azurfar Amurka a Gwanjo: Suna Za Ka Saya, Ko Hannu, Ko Nauyi?

A watan Janairun 2010, gidan gwanjo na Sotheby's da ke New York ya fito da wani babban kwanon azurfa da wani maƙeri mai suna Cornelius Kierstede ya ƙera a farkon shekarun 1700. Masanan gidan sun ƙiyasta zai tashi tsakanin dala 400,000 da 800,000. Masu tayi suka yi ta ɗaga hannu har kuɗin, da la'ada da komai, ya tsaya a kan dala miliyan 5.9. Da a ce narka kwanon aka yi a ranar aka ɗora shi a sikeli, azurfar jikinsa ba za ta wuce 'yan dubban daloli ba. Ragowar miliyoyin kuɗin sunan maƙerin ne, da tsufan kwanon, da labarin da ya zo da shi. Na gidan Joshua Loring ne, wani hafsan sojan ruwa da ya tsaya a bayan Sarkin Ingila lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka, kuma zuri'arsa sun riƙe cewa a rijiya aka ɓoye kwanon kafin a tsallaka da shi Ingila, inda ya zauna sama da shekara 200.

Duk wanda zai sa kuɗinsa a irin wannan kaya, abu uku yake saye a ƙunshi ɗaya: nauyi, aikin hannu, da suna. Nauyi kowa na iya aunawa. Aikin hannu, ido da yatsa suna gane shi in an koya musu. Suna kuwa sai da takarda, kuma a nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Abin da ake kira ƙirar hannu a gwanjon Amurka ya kasu gida uku: ƙirar maƙeran zamanin mulkin Ingila da 'yan shekarun bayansa, ƙirar manyan kamfanoni irin su Tiffany da Gorham a ƙarshen ƙarni na 19, da ƙirar ƙananan maƙeru na farkon ƙarni na 20. Kowane gida da yadda yake raba kuɗinka tsakanin abubuwan nan uku, kuma ni a ganina wannan rabon shi ne ya kamata ya yi maka zaɓi, ba ƙyallin hoto ba.

Mu fara da sikeli, tunda shi ne ba ya ƙarya. Da ozar masu zinari ake auna azurfa, wadda ta ɗan haura giram 31, ba ozar 'yan kanti ba. Azurfa zalla ta yi laushi da yawa, don haka ake gauraya ta da jan ƙarfe. In ka ga an buga STERLING a gindin kaya, kashi 925 cikin 1000 azurfa ce. In ka ga COIN ko PURE COIN, wato azurfar sulalla, wajen kashi 900 ke nan. Mu ɗauka ga kwano mai oza 20, kuma mu ce oza tana dala 30 a ranar, don misali kawai, tunda farashin ba ya zama wuri ɗaya. Azurfar cikinsa ta kama dala 555. In ka taya 1,200 aka sallama maka, sannan gidan gwanjo ya ɗora la'adarsa ta wajen rubu'i, ka biya 1,500. Wato kusan dala 950 ka ba da a kan hannu da suna. Wannan 950 ɗin ita ce za ka iya yin asara ranar da za ka sayar, in kasuwa ta juya baya. Ƙasan kuma ba cikakkiyar 555 ba ce, don mai narkawa ma sai ya cire nasa. Kafin ka taya kowane kaya, yi wannan lissafin a bayan takarda.

Sai dai sikelin ma akwai inda ake masa wayo. Mazaunin kyandir da ƙananan kwanoni masu ƙafa da aka rubuta wa WEIGHTED, fatar azurfa ce siririya aka cika cikinta da ƙaro ko siminti. Wuƙaƙen teburi, ƙotar ce kawai azurfa, ita ma rami ce, ruwan wuƙar ƙarfe ne. Abin da aka buga wa EPNS, ko QUADRUPLE PLATE, ko 1847 ROGERS BROS, ruwan azurfa kawai aka yi masa da lantarki, dabarar da kamfanin Elkington na Birmingham ya yi wa rajista a 1840. Wanda aka ce GERMAN SILVER ko NICKEL SILVER kuwa, ko ƙwayar azurfa babu a ciki. Waɗannan ba sa cikin zancenmu, amma su ne suka cika shafukan gwanjo na intanet.

Gida na farko: maƙeran da

Ƙirar azurfa a Amurka ta fara ne a Boston. A 1652 aka ba John Hull da abokin aikinsa Robert Sanderson aikin buga sulallan mulkin Massachusetts, kuma su ne suka horar da yaran da suka zama maƙeran garin. Daga wannan zuri'ar sana'a aka sami John Coney, wanda ya koyar da wani yaro ɗan gudun hijira daga Faransa mai suna Apollos Rivoire. Yaron ya mayar da sunansa Paul Revere, ɗansa kuma shi ne Paul Revere ɗin da kowane ɗan makarantar Amurka ya sani saboda sukuwar da ya yi a daren 18 ga Afrilun 1775 don sanar da tahowar sojan Ingila. A New York akwai Kierstede da Myer Myers, Bayahuden maƙerin da ya rayu daga 1723 zuwa 1795. A Philadelphia akwai gidan Richardson da Philip Syng, wanda gidan tawadar da ya ƙera a 1752 shi aka tsoma wa alƙalami wajen sa hannu a takardar ayyana 'yancin kai a 1776.

A wancan zamani ba a haƙo azurfa a yankunan nan. Mutum ne zai tara tsabar kuɗinsa, galibi dalolin Sifaniya, ko tsofaffin kwanoninsa, ya kai wa maƙeri ya narka ya ƙera masa butar shayi ko kofi. Wanda ya san yadda maƙeran fari a ƙasar Hausa suke narka liyari su fitar da munduwa da zobe, ya riga ya fahimci tsarin. Dalilin ma kusan ɗaya ne: babu banki, kuma in ɓarawo ya ɗauke maka sulalla ba ka da shaida, amma buta mai ɗauke da haruffan sunanka da tambarin maƙeri ana iya cigiyarta a jarida. Maƙerin zai zuba narkakkiyar azurfa ta zama curi, ya yi ta dukanta a kan uwar maƙera har ta zama faifai, sannan ya riƙa tayar da gefenta da masaba zagaye bayan zagaye, yana mayar da ita wuta lokaci lokaci don kada ta tsage. In ka leƙa cikin irin wannan kaya za ka ga sawun masaba bai daidaita ba, a gindi kuma sau da yawa akwai ɗan ɗigon tsakiya inda ya kafa ma'auninsa.

Wannan shi ne gidan da ya fi kowane daɗin labari, kuma shi ne ya fi haɗari. A Ingila tun ɗaruruwan shekaru akwai ofisoshin gwajin azurfa, suna buga tambarin gari da na shekara da na inganci. Amurka ba ta taɓa yin wannan tsari ba, in ka cire birnin Baltimore da ya gwada daga 1814 zuwa 1830. Abin da ke jikin kayan da na Amurka tambarin maƙeri ne kaɗai, haruffa biyu ko sunan mahaifi a cikin ɗan akwati. Tambari guda kuwa ba wuyar sassaƙawa ga ɗan damfara. An daɗe ana ɗaukar tsohon kofin Ingila mai araha a goge tambarinsa a buga REVERE. Akwai kuma gyare-gyaren da magada suka yi da kyakkyawar niyya: manyan kofunan giya masu murfi da aka liƙa wa baki a ƙarni na 19 don su zama butar ruwa, ko kaya mai santsi da aka bi daga baya aka cika shi da furanni don ya dace da yayin zamani. Duk wannan yana karya farashi ƙwarai. Gidan tarihi na Winterthur a jihar Delaware ya yi suna wajen gwada irin waɗannan kaya da na'urar haske mai gano sinadaran ƙarfe, kuma abin da ake dubawa mai sauƙin fahimta ne: tsohuwar azurfa tana ɗauke da burbushin zinari da darma saboda tacewar da ba ta kai ta yanzu ba, sabuwa kuwa tas take. Amma wannan gwajin yana gaya maka tsufan ƙarfe ne kawai, ba ya gaya maka hannun wa ya taɓa shi.

Ko shi Revere, sunansa ya fi aikinsa tsada. Gwani ne, babu musu, kwanon da ya ƙera wa 'yan gwagwarmaya a 1768 yana gidan tarihin zane na Boston ana zuwa kallo. Amma shago gare shi da yara da ma'aikata, a 1785 ma ya sayi injin murza azurfa ta zama faifai, kuma shi da mahaifinsa sun yi amfani da tambura masu kama da juna. Cokalinsa guda ɗaya yana iya cin kuɗin da zai sayi butar wani maƙerin da bai fi shi rauni a aiki ba, don kawai wancan bai hau doki a daren da ya dace ba. Abin da ke taimakon masu bincike shi ne littattafan cinikinsa sun tsira, suna hannun ƙungiyar tarihi ta Massachusetts, don haka wani lokaci ana iya haɗa kaya da ranar da aka yi odarsa. Akwai kuma suna guda da nake so mai karatu ya riƙe: Peter Bentzon, wanda ya yi aiki a Philadelphia da tsibirin St. Croix a farkon ƙarni na 19, maƙerin azurfa mai jinin Afirka da aka iya gane aikinsa ta tambarinsa. Bayi da yawa sun yi aiki a maƙerun azurfa, amma tambarin ubangida ne a jikin abin da suka ƙera.

A gindin wannan gida akwai wata 'yar ƙofa mai araha da mutane ba sa kula da ita: cokulan azurfar sulalla na 1800 zuwa 1860, na maƙeran ƙananan garuruwa. Sirara ne, marasa nauyi, ana haɗa shida ko goma sha biyu a ƙulli ɗaya, kuma sau da yawa farashinsu bai yi wa kuɗin nauyinsu nisa ba. Ba za su sa ka yi arziki ba, amma a kansu ake koyon karanta tambari ba tare da an ji ciwo ba. Banda na jihohin kudu, irin su Kentucky da Virginia da Carolina, waɗanda masu tarawa ke rububinsu saboda ƙarancinsu.

Gida na biyu: Tiffany, Gorham da Kirk

Abu biyu suka canza sana'ar. A 1842 gwamnati ta ɗora harajin kashi 30 cikin 100 a kan azurfar da ake shigowa da ita, sai kasuwa ta buɗe wa 'yan gida. A 1859 kuma aka gano ma'adinin Comstock a Nevada, azurfa ta yi ta kwarara. Gorham, wanda Jabez Gorham ya kafa a Providence a 1831, ya kawo injin bugu mai aiki da tururi daga Ingila, ya koma ma'aikata mai ɗaruruwan mutane. Tiffany ya koma ma'aunin 925 tun 1851, Gorham ya bi sahu a 1868.

A nan sai an yi hattara da kalmar ƙirar hannu. Mafi yawan abin da kamfanonin nan suka fitar, musamman cokula da masu yatsu, inji ne ya buga su, ko da kuwa kyawunsu ya kai ina. Saitin cokulan Chantilly na Gorham, wanda aka fara a 1895, azurfa ce ta gaske, amma an yi su da yawan da ba su ƙirguwa, kuma yau da matasan Amurka ba sa son wahalar goge kayan kakanninsu, irin waɗannan saiti suna tashi ne kusa da kuɗin nauyi. In ajiyar azurfa kake so mai ɗan kyan gani, to ga ta. In aikin hannu kake nema, sai ka haura sama.

A saman Gorham akwai Martelé, kalmar Faransanci mai nufin abin da aka daka da guduma. William Codman, wanda kamfanin ya ɗauko daga Ingila a 1891, shi ya jagoranci wannan layin a ƙarshen shekarun 1890, da sharaɗin babu inji: maƙeri ɗaya ya tayar da jikin kayan daga faifai, mai zane ya bi shi da ƙananan kurfi yana fito da ganye da igiyar ruwa da furanni. Don azurfar ta yi laushin karɓar wannan aiki, sai suka ɗaga ma'auninta zuwa 950, daga baya 958.4, kuma ana buga wannan lamba a gindi tare da tambarin kamfanin na zaki da anga da harafin G, da mikiya a sama. Teburin kwalliya da kujerarsa da suka kai baje kolin Paris na 1900, azurfa tun daga sama har ƙasa, yanzu suna gidan tarihin zane na Dallas. Abin da ya sa nake fifita Martelé a kan kusan komai a wannan kasuwa shi ne takarda. Kowane kaya yana da lambarsa, kuma takardun kamfanin, waɗanda ke ajiye a Jami'ar Brown, sun rubuta awoyin da aka ɓata wajen ƙira da wajen zane. Sannan wanda zai iya yin jabun Martelé har ya wuce, sai ya zama gwanin da zai ɓata ɗaruruwan awoyi, abin da ba ya biyan ɗan damfara. Buga tambarin ƙarya a kan kofi mai santsi aikin minti biyar ne.

Tiffany kuwa labarinsa na Edward C. Moore ne, wanda ya riƙe sashen azurfa har rasuwarsa a 1891. A hannunsa kamfanin ya ci babbar lambar yabo a baje kolin Paris na 1878 da kaya masu salon Japan: jiki mai sawun guduma, an manna masa kifi ko ƙwaro ko ganyen duma na jan ƙarfe da zinari. Moore mai tara kayan ƙasashen Musulmi ne, tasoshin tagulla da fitilun masallaci na gilashi, ya kuma bar wa gidan tarihi na Metropolitan tarin nasa. Shi ya sa in ka ga wasu butocin gahawa na Tiffany masu dogon wuya da zanen da ke sarƙe da juna, sai ka ji kamar ka san su daga wani wuri. A wannan zamanin ne John Mackay, ɗaya daga cikin attajiran Comstock, ya aiko da azurfar ma'adininsa aka yi wa matarsa saitin cin abinci mai guda 1,250. Guntayen saitin suna fitowa gwanjo jefi-jefi, kuma sunan Mackay kaɗai yana ninka kuɗin. Tambarin Tiffany yana da sauƙin karantawa: akwai lambar salo da lambar oda, da harafin shugaban lokacin. Babban M na zamanin Moore ne, T daga 1891 zuwa 1902, C daga 1902 zuwa 1907, ƙaramin m kuma daga 1907 zuwa 1947. Aibin Tiffany ɗaya ne: kowa ya san sunan, har wanda bai san azurfa ba, don haka ko tire maras wani aiki sai ka biya kuɗin suna.

Kirk na Baltimore ba zan daɗe a kansa ba. Samuel Kirk ya buɗe shago a 1815, ya yi suna da salon turo furanni daga cikin kaya har su cika jiki ba masaka tsinke. Na farkon, masu alamar 11 OZ ko 10.15, aikin hannu ne mai kyau. Amma an ci gaba da wannan salon har cikin ƙarni na 20, don haka furanni kaɗai ba shaidar tsufa ba ne.

Gida na uku: masu komawa ga masaba

Wajen 1900 wasu suka gaji da kayan inji da tarin ado, suka ce a koma ƙira irin ta da. Biyu ne suka fi fitowa a gwanjo. Arthur Stone, haifaffen Sheffield ta Ingila, ya buɗe maƙerarsa a Gardner ta jihar Massachusetts a 1901. Aikinsa santsi ne, da ɗan siririn zane a baki, kuma yana da wata ɗabi'a da ta burge ni: kusa da tambarinsa mai siffar guduma, yana barin ma'aikacin da ya yi aikin ya buga harafin sunansa. Abin da Revere bai yi wa yaransa ba ke nan. Ta biyu mace ce, Clara Barck Welles, wadda ta kafa Kalo Shop a Chicago a 1900. Mata ne suka fi yin zanen, maƙeran kuma da yawansu baƙi ne daga ƙasashen Sikandinebiya. Shagon ya rayu har 1970. Kayan Kalo suna da kauri, da sawun masaba a fili kamar ɓawon kifi, da haruffan mai kaya da aka yanka aka manna a jiki, a gindi kuma an rubuta HAND WROUGHT AT THE KALO SHOP.

Ga wanda yake da matsakaicin ƙarfi, nan ne kuɗinsa ya fi sayen hannu. Kayan suna da nauyi, don haka ƙasan lissafinka yana da tudu. Aikin na hannu ne da gaske. Jabu bai yi yawa ba, don ribar ba ta kai a wahala ba. Abin da ba ka samu shi ne tsufa da babban labari. A dokar kwastan ta Amurka sai kaya ya cika shekara 100 yake zama na tarihi, kuma Kalo na 1950 bai kai ba tukuna. Masu nemansu ma ba su kai masu neman Tiffany yawa ba, don haka ranar sayarwa sai ka kai su gidan gwanjon da ya san darajarsu, in ba haka ba a auna maka su a sikeli a sallame ka.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, tunda yawancin masu karanta wannan Musulmi ne. Hadisi ya inganta a kan hana ci da sha a kwanon zinari da azurfa, ga maza da mata. A mazhabar Malikiyya da aka fi bi a ƙasashenmu, mashhurin zance shi ne ko ajiye irin waɗannan kwanoni ba don amfani ba an hana, duk da cewa akwai malaman wasu mazhabobi da suka sassauta a kan ajiya. Ga kuma zakka, wadda nisabinta a azurfa dirhami 200 ne, wajen giram 595, abin da butar shayi guda ɗaya za ta iya cikawa. Ga hukuncin sayen azurfa da kuɗi hannu da hannu, alhali gwanjon intanet sai ka biya a yi makonni kafin kaya su iso. Wannan duk zance ne da za ka zauna da malaminka a kai kafin ka yi rajistar tayi, ba bayan kaya sun iso ba. Ya kamata kuma ka san cewa kaso mai yawa na azurfar zamanin mulkin Ingila kofunan giya ne da kayan coci. Ga wadda take son ƙirar hannun Amurka ba tare da shiga wannan saɓani ba, Kalo sun yi sarƙoƙi da mundaye da 'yan kunne na azurfa masu duwatsu, kuma adon azurfa ga mace babu mai jayayya a kansa.

Sai inda za a saya. Sotheby's da Christie's suna yin babban gwanjon kayan Amurka a New York duk watan Janairu, nan ne kayan gida na farko da manyan Tiffany suke fitowa, da bayanin asalin kowane kaya hannu bayan hannu. Ƙasa da su akwai Bonhams, wanda ya sayi Skinner na Boston a 2022, da Doyle a New York, da Freeman's da Hindman da suka haɗe a 2023, da Heritage a Dallas, da Brunk a North Carolina ga mai neman kayan kudu. Ɗaruruwan ƙananan gidaje kuma suna sa kayansu a LiveAuctioneers da Invaluable, inda ake ƙara wani ɗan kaso a kan la'ada. A ƙananan ne ake tsintar dami a kala, a nan ne kuma ake sayen gara, don wanda ya rubuta bayanin kayan wataƙila jiya kujeru ya rubuta wa. Kula da lafazin kundin gwanjo: in an ce ƙirar wane, gidan ya tsaya a kai, in an ce ana jingina shi ga wane, ko yana ɗauke da tambarin wane, to sun zame ne cikin ladabi. Ka nemi rahoton lafiyar kaya da hoton gindi da na tambari. Ka tambaya ko an goge haruffan wani, don gogewar tana sirantar da wurin har yatsa ya ji yana lotsawa. Ka guji wanda aka wanke da injin gogewa har ya yi ƙyalli kamar madubi, don an tafi da laushin launin nan da shekaru suke bayarwa, kuma ba ya dawowa.

Ga wanda zai fitar da kaya daga Amurka akwai wani tarko ƙarami mai ban haushi: butocin shayi da na gahawa da yawa suna da 'yan zobba na hauren giwa a mariƙi don kada zafi ya kai hannu. Tun 2016 Amurka ta tsaurara dokar cinikin haure, kuma gidajen gwanjo da yawa ba za su aika maka irin wannan buta ƙasar waje ba, ko su ce sai an cire zobban. Karanta ƙasan bayanin kafin ka taya.

In aka ce in zaɓa: mai dala 'yan ɗaruruwa ya fara da cokulan azurfar sulalla ko ƙaramin kwanon Stone. Mai 'yan dubbai ya nemi Kalo ko Stone mai nauyi, wanda kuɗin azurfarsa ya kai aƙalla sulusin abin da zai biya. Mai dubbai goma zuwa sama ya tafi Martelé, ko Tiffany na zamanin Moore, inda takarda take bayan kaya. Gida na farko kuwa, ban ba kowa shawarar shigarsa da manyan kuɗi ba sai in kayan ya zo da sunayen waɗanda suka gaje shi ɗaya bayan ɗaya, ko an taɓa buga hotonsa a littafin masana, kuma a babban gida ake sayar da shi. Wanda kuma nufinsa kawai ya adana dukiya a azurfa, to ya sayi curi ko sulalla, ya huta da la'adar rubu'i. A 1980, lokacin da 'yan gidan Hunt na Texas suka tura farashin ozar azurfa kusa da dala 50, an yi layi a ƙofar masu narkawa da kayan gado, kuma abin da ya fi shiga wuta shi ne wanda kuɗinsa bai wuce nauyinsa ba.

Manyan gidajen suna baje kayan kwanaki kafin ranar gwanjo, shiga kyauta ne, kuma in ka nemi izini ma'aikaci zai buɗe gilashi ya miƙo maka. In kana kusa da New York a watan Janairu, je ka ɗauki kofin 1750 a hannu ɗaya, na Kalo a ɗayan, ka juya gindinsu ka leƙa ciki. Tafi da ɗan madubin ƙara girma irin na masu zinari, da ƙaramar tocila.